Tallafin Masu Hannu da Shuni ga Ayyukan Fasaha: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sababbin Hanyoyi

Wannan shafi na marubuta ne da masu zane da makaɗa, da masu shirya fim da wasan kwaikwayo, da masu kula da gidajen tarihi da ɗakunan karatu, da kuma masu dukiyar da ke son sa hannu a irin waɗannan ayyuka. Yawancin misalan daga Amurka da Turai suke, domin can aka fi gwada hanyoyin. Inda maganar ta shafi Najeriya ko Nijar ko Gana, mun faɗa.

Me ya sa ake neman sababbin hanyoyi? Ina laifin tsohuwar?

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne tallafin aiki guda. Gidauniya ta fitar da sanarwa, ƙungiya ta cike fom mai shafi ashirin ko talatin, a ba ta kuɗin shekara ɗaya, kuma kowane kwabo an riga an rubuta inda zai tafi. Kuɗin zai sayi fitilun dandali da tufafin 'yan wasa, amma ba zai biya hayar ofis ba, ba zai biya akanta ba, ba zai zuba wa janareto mai ba. Da an gama wasa an miƙa rahoto, sai a koma gidan jiya. Shugaban da ya kamata ya zauna da marubuta da 'yan wasansa sai ya ƙare a rubutun takardun neman kuɗi, yana lanƙwasa aikinsa ya dace da abin da gidauniyoyi ke yayi: bara zaman lafiya, bana sauyin yanayi.

Hanyoyin da ake kira sababbi duk abu biyu suke taɓawa: wa ke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin, kuma wa ke ɗaukar asara idan aiki ya ƙi. Annobar korona ta 2020 ce ta hanzarta canjin. An rufe gidajen wasa, kuɗin bukukuwan da ba za a yi ba suna kwance a asusu, ma'aikata kuma ba albashi. Gidauniyoyi da dama suka ce a kashe kuɗin yadda hali ya yi, kuma wasunsu ba su koma tsohon tsari ba.

Mene ne tallafin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba?

Kuɗi ne da ake bai wa ƙungiya dungurungum, ba tare da an ce ga aikin da za a yi da shi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya fi amfani shi ne na shekara uku zuwa biyar, saboda da shi ne ƙungiya ke iya ɗaukar ma'aikaci ta tabbatar masa da albashi har badi da badin badaɗa.

Gidauniyar Ford ta Amurka ta ware dala biliyan 1 ga shirinta mai suna BUILD, wanda ya kama aiki a 2016: tallafin shekara biyar, wani kaso na tafiyar da harkoki, wani na gyara ƙungiyar kanta, wato lissafinta da shugabancinta da ajiyarta. A watan Yunin 2021 kuma MacKenzie Scott, wata attajira 'yar Amurka, ta raba dala biliyan 2.74 ga ƙungiyoyi 286, da yawansu na fasaha da al'adu, irin su gidan wasa na Apollo da ke Harlem da ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey. Ba nema suka yi ba. Masu ba ta shawara ne suka yi bincikensu shiru-shiru, sannan aka tuntuɓe su. 'Yan damfara sun ari wannan salo suna aika saƙo da sunanta, don haka a kiyaye: duk wanda ya ce ka biya wani abu kafin a sakar maka tallafi, ɓarawo ne.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne ɗaukar babbar kyauta ta lokaci ɗaya kamar kuɗin shiga na kullum. A ce ƙungiya ta saba kashe naira miliyan 20 a shekara, sai aka ba ta miliyan 100. Idan ta kama babban ofis ta ɗauki ma'aikata goma na dindindin, kafin shekara uku za ta sallame su. Wasu daga cikin masu ba ta tallafi a da kuma suna iya ja da baya, su ce ai ta ƙoshi. Kafin a taɓa kuɗin, kwamitin amintattu ya zauna ya rubuta rabo. A fara da ajiyar da za ta riƙe ƙungiya wata uku zuwa shida ko da sisi bai shigo ba. A biya basussuka. A sayi abin da ake saya sau ɗaya, kamar rufin gini ko na'urar hasken rana ko kyamara. Abin da ya rage a shimfiɗa shi kan shekaru.

Ke nan mai bayarwa ba ya tambayar komai?

Yana tambaya, amma kafin ya ba da kuɗi, kuma shi ke shan wahalar binciken. Zai karanta lissafin da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, ya zo ya ga wurin, ya ji ta bakin abokan sana'a. Bayan haka sai ya karɓi rahoton shekara da ƙungiya ta riga ta rubuta, ko ya wadatu da hirar sa'a guda.

Tsarin yana da rauni. Gidauniyar da ba ta karɓar takardar nema takan bai wa waɗanda ta riga ta sani, wanda ke Funtuwa ko Maraɗi kuwa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ita ma Scott ta buɗe ƙofa a 2023: ƙungiyoyi 6,353 suka nema, a watan Maris na 2024 aka bai wa 361 dala miliyan 640.

Nawa ya kamata mu sa na kuɗin gudanarwa a kasafi?

Abin da kuke kashewa da gaske. Ku haɗa haya da wuta da mai da intanet da albashin akanta da na mai gadi da ladan mai binciken kuɗi na shekara, ku raba da jimillar abin da kuke kashewa kan ayyuka kai tsaye, ku ninka da ɗari. Wannan shi ne kasonku.

Shekaru da yawa gidauniyoyi suna tsayawa a kashi 10 ko 15 cikin 100. Ford ta mai da mafi ƙarancin nata kashi 20 a 2016, ta ƙara zuwa 25 a 2023, gidauniyar MacArthur kuma ta kai nata 29 tun 2020. A aikin dala 50,000, kashi 10 dala 5,000 ne. Idan kasonku na gaskiya 25 ne, kuna buƙatar 12,500, saura 7,500 daga jikinku za ta fita: albashin da ba a biya ba, ko bashin mai gidan haya. Ƙungiyoyi kan rage wannan kaso don su burge mai bayarwa, daga baya su riƙa cusa kuɗin mai cikin rasit ɗin abincin taro. Nan ne mai bincike ke kama su.

Gaskiya ne akwai inda ake biyan mai fasaha kuɗi duk wata ba tare da ya kawo komai ba?

Gaskiya ne. Shirin da ya fi girma cikin waɗanda gidauniyoyi suka biya shi ne Creatives Rebuild New York, na dala miliyan 125, wanda gidauniyar Mellon ta zuba miliyan 115, Ford da gidauniyar Stavros Niarchos suka zuba biyar-biyar. Masu fasaha 2,400 sun karɓi dala 1,000 duk wata har wata 18, ba rahoto ba rasit. Wasu 300 kuma an ɗauke su aiki a ƙungiyoyin al'umma kan dala 65,000 a shekara, har shekara biyu. A Ailan gwamnati ce ta yi irinsa tun 2022: mutum 2,000, yuro 325 duk mako.

Hujjar ita ce abin da mai fasaha ya fi rasa lokaci ne. Marubucin da ke koyarwa da safe, yana kabu-kabu da yamma, bai rasa basira ba, ya rasa sa'a uku a jere da zai zauna. Matsalar kuma a bayyane take: wata na 19 yana zuwa. Mai shirya irin wannan ya faɗi ranar ƙarewa tun farko, ya riƙa tunatarwa, kuma ya duba ko kuɗin zai jawo wa mai karɓa haraji ko ya hana shi wani tallafin da yake samu.

Wanda ya fi kusa da hannun masu fasahar Afirka shi ne kyautar Seed ta gidauniyar Prince Claus da ke Holan, wadda tun 2021 take bai wa matasan masu fasaha 100 yuro 5,000 kowannensu a shekara, su kashe yadda suka ga zai ciyar da sana'arsu gaba.

Ƙuri'a kuma? Ba zalunci ba ne a bar wanda ya fi gwaninta?

Sama da mutum 22,000 ne suka nemi shirin na New York, sama da 9,000 suka nemi na Ailan, kuma duka biyun da ƙuri'a, wato zaɓen sa'a, aka fitar da waɗanda suka samu. Mataki biyu ne. Da farko a tace, a tabbatar mai nema yana sana'ar da gaske kuma ya cika sharuɗɗa. Sannan a jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda suka tsallake. Idan masu cancanta sun kai dubu, gurbi kuwa hamsin, abin da alƙalai ke aunawa a ƙarshe iya Turanci ne da iya rubuta takardar nema. Gwanin kalangu ko masaƙiya ba za su taɓa cin wannan jarrabawa ba. Ƙuri'a ta dace da ƙananan kyaututtuka masu yawa. Ba wanda zai ba da kwangilar gina gidan tarihi da ita. A rubuta ƙa'idar kafin a buɗe nema, a yi zaɓen gaban shaidu, in ba haka ba za a ce an yi 'yar gida.

Akwai asusun da masu fasaha da kansu ke riƙe da shi?

Akwai. Asusun African Culture Fund, mai hedikwata a Bamako, an kafa shi a 2018, kuma wani ɓangare na kuɗinsa daga ayyukan da manyan masu zane irin su Abdoulaye Konaté na Mali suka bayar aka sayar yake. A ƙasashen Larabawa, har da Sudan, akwai AFAC, asusun fasaha da al'adu da aka kafa a 2007, mai ofis a Beirut, wadda ke tara kuɗi daga manyan gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane, kwamitocin 'yan sana'a kuma su zaɓi waɗanda za a bai wa.

Cutar wannan tsari sanayya ce, domin 'yan sana'a ɗaya duk sun san juna. Maganinta: a riƙa canja alƙalai kowane zagaye, kowane alƙali ya rubuta sunayen waɗanda yake da alaƙa da su ya fita daga ɗakin idan an zo kansu, kuma a biya alƙalai ladan aikinsu. Alƙalin da ba a biya ba, ko mai hali ne ko mai wata manufa.

Ni marubuciya ce, ina son in buga littafi da karo-karo ta intanet. Ta ina zan fara?

Ki fara da lissafi, Malama, kafin ki fara da sanarwa. A ce buga littafin da gyaransa da zanen bango za su ci naira miliyan 2. Kin yi wa masu ba da gudummawa alkawarin kwafi da sa hannunki, kuma ambulan da kuɗin mota zuwa garuruwansu za su ci 400,000. Jimilla miliyan 2.4. Shafukan karo-karo suna cire la'adarsu: Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, yana ɗaukar kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi kuma su ɗauki kashi 3 zuwa 5. Ki ƙaddara kashi 10 zai tafi. Ki raba miliyan 2.4 da 0.9, zai ba ki kusan miliyan 2.7. Wannan ne adadin da za ki nema. Masu sa miliyan 2 daidai su ne suke cimma buri sannan su ci bashi wajen aika littattafai.

Ki san tsarin shafin. A Kickstarter, in ba a cika adadin ba kafin wa'adi, ko kwabo ba za ki samu ba, kuma ba a cire wa kowa kuɗi. Wasu shafukan suna ba ki abin da aka tara ko bai cika ba, kuma wannan tarko ne: kin karɓi kuɗin mutum hamsin, bai isa madaba'a ba, ga alkawari a wuyanki. Sannan ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe neman kuɗi a manyan shafukan waje ba, sai ki duba jerin ƙasashensu tukuna. Idan masu karatunki a Kano da Zariya da Damagaram suke, asusun banki na musamman da rukunin WhatsApp da jadawalin da kowa ke gani sun fi miki kowane shafi.

Baƙi ba sa fara ba da kuɗi. Kafin ranar buɗewa ki yi magana da mutum talatin ko arba'in ɗaya bayan ɗaya, su amince za su saka nasu a kwana biyun farko, domin mutane sun fi zuba kuɗi inda suka ga wasu sun riga sun zuba. Wa'adin kwana 30 ya isa. Tsakiyarsa kullum shiru ne, sai ki tanadi abin nunawa na wannan lokaci: bangon littafi, ko karatun shafi ɗaya da muryarki. In madaba'a ta saɓa alkawari, ki faɗa wa mutane a ranar. Sukan yafe jinkiri, ba sa yafe shiru.

Ko gidan tarihi na Louvre da ke Faransa ya bi wannan hanya a 2010, inda mutum kusan 7,000 suka tara sama da yuro miliyan 1 don a sayi zane guda.

Biyan wata-wata fa?

Shi ne tsarin shafin Patreon, wanda aka kafa a 2013: masoya su riƙa biyan ɗan abu duk wata. Ya dace da mai fitar da abu a kai a kai, kamar mai shirin murya ko mai rubuta labari babi-babi, kuma marubutan da ke buɗe rukunin biya a WhatsApp sun riga sun san shi. Wanda ke shekara uku kan aiki ɗaya zai ga masu biya suna zamewa.

Akwai wani salo da ya yi kama da adashi. A watan Maris na 2020 wani mai zane a Ingila, Matthew Burrows, ya fito da shi a Instagram: ka sa aikinka a farashin da bai wuce fam 200 ba, duk lokacin da cinikinka ya kai fam 1,000 sai ka sayi aikin wani da fam 200. Ba ofis, ba kwamiti, amana ce kawai.

Wani attajiri ya ce duk nairar da muka tara zai ɗora ɗaya a kai. Me za mu kiyaye?

Hanya ce mai kyau, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma a rubuta abu huɗu: iyakar abin da zai ninka, ranar rufewa, abin da za a ƙirga, da ranar da zai biya. Kuɗin da ya shiga asusu kaɗai za a ƙirga, ban da alkawarin da aka yi a lasifika ranar ƙaddamarwa. Wanda ya taɓa bin kuɗin ƙaddamar da littafi ofis-ofis ya san dalili. In da hali, attajirin ya ajiye nasa kason a hannun amintacce kafin a yi shela.

Rance ma ana lissafa shi cikin tallafi?

Idan an sassauta shi da gangan, e. A Birtaniya an kafa Arts Impact Fund a 2015 da fam miliyan 7 daga gidauniyoyi da banki da hukumar fasaha ta Ingila, ya riƙa bai wa ƙungiyoyin fasaha bashin da bankin kasuwa ba zai ba su ba. A Nairobi asusun HEVA yana yin haka ga masu ɗinki da masu fim da makaɗa. Ribar mai bayarwa ita ce kuɗi ɗaya ya dawo ya sake yi wa wani aiki.

Ma'aunin guda ne: shin abin da za a saya da kuɗin zai kawo cinikin da zai biya? Keken ɗinki, ko kayan sauti da za a riƙa ba da haya, ko gyaran zauren da ake kamawa don biki, waɗannan suna iya biya. Wasan kyauta a makarantun firamare ba zai biya ba, tallafi yake buƙata. Cike giɓin albashi da bashi kuwa, zanen aro ne. Ga wanda ke guje wa kuɗin ruwa, ana iya tsara abin a matsayin bashi mara ruwa, ko mai bayarwa ya sayi kayan ya sayar a biya kaɗan-kaɗan, ko ya ba da su haya har su zama na mai amfani, kamar yadda bankunan Musulunci ke yi.

Me ya sa ake yawan ambaton masu zanen da suka gina cibiyoyi da kuɗinsu?

Saboda a Afirka ta Yamma sun yi abin da gwamnatoci da gidauniyoyi ba su yi ba. Ibrahim Mahama na Gana ya ɗauki kuɗin ayyukansa da ake saye a Turai da Amurka ya buɗe Savannah Centre for Contemporary Art a Tamale a 2019, sannan Red Clay a 2020, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajin yara. Yinka Shonibare ya buɗe masaukin masu fasaha na G.A.S. a Legas a 2022, da gona a kusa da Ijebu Ode. A Chicago, Theaster Gates ya sayi wani ruɓaɓɓen ginin banki daga hukumar birni kan dala 1, ya yanka marmarar da ke cikinsa gunduwa-gunduwa, ya rubuta a jikinsu kamar takardun lamuni, ya sayar da kowace ɗaya dala 5,000 a kasuwar zane ta Basel a 2013. Da wannan da wasu gudummawa aka gyara ginin, ya buɗe a 2015.

Haɗarin shi ne komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya da farashin aikinsa. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko ya faɗi ya mutu, magada suna da haƙƙi kan filin in da sunansa aka saya. A mai da fili da gini sunan cibiya tun yana raye.

Waɗanne takardu ƙungiya ke buƙata a Najeriya kafin ta karɓi kuɗin waje?

Rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu, wanda ke buƙatar aƙalla mutum biyu da tsarin mulki a rubuce da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Sai lambar haraji, da takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda bankuna ke tambaya. Sai asusun naira da na dala da sunan ƙungiya, mutum biyu na sa hannu. Sai lissafin shekara biyu da mai bincike na waje ya duba, da shaidar cewa ana miƙa wa CAC bayanan shekara-shekara. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, kuma shi ke tsayar da kuɗin da an riga an amince da shi.

Gidauniyar Amurka tana da ƙarin mataki da dokar harajinsu ta ɗora mata. Ko dai ta tabbatar ƙungiyarku daidai take da ƙungiyar agaji a dokarsu, aikin da wata cibiya mai suna NGOsource ke yi wa gidauniyoyi da yawa, ko kuma ta bi diddigin kowace dala da rahoto. Tallafi mara sharaɗi ya fi sauƙin samuwa ta hanyar farko.

Wanda ba shi da rajista yana iya shiga inuwar ƙungiya mai rajista, ta karɓi kuɗin a madadinsa ta riƙe lissafi, ta cire la'adar da yawanci ke tsakanin kashi 5 zuwa 10. A rubuta cikin kwana nawa za ta saki kuɗi bayan an nema, don kada rijiya ta bayar guga ya hana.

Da wane kuɗi za mu yi kasafi, naira ko dala?

Ku nemi a rubuta yarjejeniya da kuɗin mai bayarwa, a ajiye shi a asusun dala, ku riƙa canjin abin da za ku kashe a wata ɗaya ko uku. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Tallafin dala 20,000 da aka ƙiyasta naira miliyan 9.2 ya koma miliyan 30. Waɗanda aka rubuta musu yarjejeniya da naira sun tashi da kuɗin da ba zai sayi rabin kyamara da takardar da suka tsara ba. Waɗanda aka rubuta musu da dala kuma suka sami rarar da ba su da izinin taɓawa sai sun tambaya. A sa sakin layi tun farko kan abin da za a yi da riba ko asarar canji. A Nijar da Kamaru da Cadi abin da sauƙi idan da yuro ne, domin sefa a ɗaure take da shi: yuro 1 sefa 655.957.

Allah Ya hore mini, ina son in taimaka wa harkar rubutu da tarihi a garinmu. Zakka zan ba da, ko gidauniya zan kafa?

Alhaji, zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Marubuci matalauci yana iya cin zakka saboda talaucinsa, amma gina ɗakin karatu ko buga littafi magana ce da za ka kai wa malamai. Ƙofar da ta fi faɗi ita ce sadaka da waƙafi. Da waƙafi aka riƙe Azhar a Alƙahira da Ƙarawiyyin a Fas ɗaruruwan shekaru, kuma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi.

Ga lissafin asusun dindindin. A Amurka doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su fitar da kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara, kuma wannan ya zama ma'aunin da ake bi. Da shi, in kana son a riƙa kashe naira miliyan 10 a shekara, sai ka ajiye miliyan 200. To amma hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 a 2024, tsabar kuɗi a asusu narkewa take. Jerin shaguna ko gidan haya da aka yi waƙafinsa ya fi riƙe daraja, muddin an ware wani kaso na haya don gyara.

Ba dole ne kuma abin ya zama na har abada ba. Agnes Gund, wata attajira mai tara zane-zane a Amurka, ta sayar da wani zanen Roy Lichtenstein kan dala miliyan 165 a 2017, ta kafa asusun Art for Justice Fund, na rage yawan ɗaure mutane a kurkuku, da miliyan 100, aka kashe kuɗin da gangan cikin shekara shida aka rufe a 2023.

Kyauta ga mai fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makaɗan fada sun rayu da doki da riga da gonar da iyayen gidansu suka ba su, har gobe kuma ana liƙi. Sai dai wannan kyauta tana bin wanda ya yi yabo, tana kuma mutuwa da mai yin ta. In kana son taka ta wuce haka, ka naɗa kwamitin da ba 'ya'yanka ne kaɗai a ciki ba, ka cire hannunka daga zaɓen waɗanda za a bai wa, ka yi alkawarin shekara uku a rubuce ko da kuɗin kaɗan ne.

Akwai kuɗin da ya kamata a ƙi karɓa?

Akwai, kuma ƙin yana da tsada. Bayan zanga-zangar da mai ɗaukar hoto Nan Goldin ta jagoranta kan iyalan Sackler, masu kamfanin da ya yi OxyContin, maganin kashe ciwo da ya jefa mutane da yawa cikin jarabar ƙwaya, Louvre ya cire sunansu a 2019, gidan tarihi na Met a New York ya cire a Disambar 2021. A 2024 bukukuwan littattafai na Hay da Edinbara sun rabu da kamfanin zuba jari na Baillie Gifford saboda matsin lambar marubuta, suka wayi gari da giɓi a kasafinsu. A nan gida tambayar takan zo da kuɗin ɗan siyasa gab da zaɓe.

Ku rubuta ƙa'idar karɓar kyauta tun babu kuɗi a gabanku. In za a sa sunan mai bayarwa a gini, a sa wa'adi, shekara goma ko ashirin, da sakin layin da ya ba ku damar cirewa idan sunan ya ɓaci.

Idan an tallafa wa aikina, na wane ne haƙƙin mallaka?

Naka ne, sai in ka sa hannu ka bayar. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, miƙa haƙƙi ko ba da izini na keɓe sai a rubuce. Abin da ya dace mai tallafi ya samu shi ne izinin nuna aikin a rahotonsa da shafinsa, ba don kasuwanci ba. Ka duba ko yarjejeniyar ta ce a saki aikin kyauta ga kowa a intanet, domin wasu gidauniyoyi haka suke sharɗantawa. Ga rahoton bincike ba laifi, ga fim ɗin da kake son sayar wa tashar talabijin kuwa ya kashe maka kasuwa.

Masu riƙe da littattafan Larabci da na ajami na gado su fi kowa lura da wannan. Shirin ceto tsofaffin rubuce-rubuce na ɗakin karatun Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia ke biya tun 2004, ya yi ayyuka a Najeriya da Mali. Ƙa'idarsa ita ce ainihin takardun ba sa barin ƙasar, ana ajiye kwafin hotunan a wata cibiya ta cikin gida, wani kwafin kuma a ɗora shi a intanet kowa ya gani kyauta. Kafin a kafa kyamara, a tara magada a karanta musu wannan sharaɗi da Hausa, a ware takardun da ba sa son a gani, kamar wasiƙun iyali da na rabon gado da laƙani, sannan a ba su nasu kwafin hotunan a ma'ajiya biyu, a ajiye a gidaje daban-daban.